Amanar Lambobi: Tarihin Gyare-gyare a Taskar Lissafi ta NumPy



Abin da zan yi magana a kansa yau shi ne tarihin wata taskar lissafi ta kwamfuta da ake kira NumPy, musamman tarihin kurakuran da aka yi ta ganowa a cikinta da yadda aka bi aka gyara su. Watakila wani ya ce, ina ruwan malamin Hausa da lissafin na'ura? To, duk wanda ya saba da tsofaffin littattafan da aka rubuta da hannu ya san cewa ba a sanin ingancin kwafi sai an dubi hannuwan da ya ratsa: wa ya kwafa, wa ya duba, wa ya yi gyara a gefen shafi. Taskar nan ita ma rubutu ce, hannuwa da yawa ne suka rubuta ta, gyare-gyarenta kuma suna nan a ajiye, kowa na iya karantawa. Ra'ayin da nake so in kafa hujja a kansa shi ne, masana sun amince da lambobin da take fitarwa domin a bainar jama'a ake tona aibinta. Amma gyaran kansa yana da tsada, gama kowane gyara yana sāke amsar da wani ya riga ya dogara da ita, yawancin gardamar da aka yi a tarihin taskar kuwa a kan wannan tsadar aka yi ta.

Masu rubuta wa kwamfuta umarni ba sa fara kome daga tushe, kamar yadda tela ba ya saƙa yadin da zai ɗinka. Akwai ayyukan lissafi da kowa yake bukata: tara dogon jerin lambobi, fitar da matsakaici, ninka jadawali da jadawali, warware ɗaruruwan matsalolin aljabara masu sarƙe da juna. Sai gwanaye su rubuta hanyoyin yin waɗannan sau ɗaya, su tara su wuri guda, kowa ya riƙa ɗauka. Wannan tarin shi na kira taska. NumPy taska ce ta harshen kwamfuta mai suna Python, kuma buɗaɗɗiya ce, watau kyauta ake ɗaukarta, rubutun umarninta a fili yake, kowa na da izinin ya karanta, ya gyara, ya rarraba. A kanta aka gina waɗansu taskokin da dama, irin su SciPy da pandas da Matplotlib. Masanan da suka fitar da hoton baƙin rami na farko a sararin samaniya ranar 10 ga Afrilu, 2019 sun yi aiki da ita. Jami'in ƙididdiga da ke aiki da pandas a ofis, ko ya sani ko bai sani ba, NumPy ce take yi masa yawancin tarawa da rabawa a ƙarƙashi.

Kafin mu shiga tarihin, tilas mu kawar da wani zato da ya yi yawa, watau cewa kwamfuta ba ta kuskuren lissafi. Ku ɗauki sulusi. Idan aka ce ɗalibi ya rubuta shi da ɗigo, zai rubuta 0.333, ya yi ta jera uku har takarda ta ƙare bai kai ƙarshe ba. Dole a wani wuri ya datse. Ita kwamfuta da sifiri da ɗaya kaɗai take ƙirga, a irin wannan ƙirge kuwa ushuri, watau 0.1, shi ma ba shi da ƙarshe. Guraben da take ajiye kowace lamba ƙayyadaddu ne, saboda haka ita ma datsewa take yi. Shi ya sa idan ka ce wa Python ta haɗa 0.1 da 0.2 sai ta ba ka 0.30000000000000004. Wannan ɗan burbushi ba kome ba ne a lissafi guda. Amma na'urar tana yin lissafi miliyoyi a cikin daƙiƙa ɗaya, burbushi kuwa taruwa yake yi.

Ranar 25 ga Fabrairu, 1991, lokacin Yaƙin Tekun Fasha, wani makami mai linzami na Iraƙi ya faɗa kan barikin sojojin Amurka a Dhahran ta ƙasar Saudiyya, ya kashe soja 28. Akwai na'urar kakkaɓo makamai ta Patriot a wurin, amma ba ta harba ba. Agogonta yana ƙirga lokaci ne da ushurin daƙiƙa, an kuwa ajiye ushurin nan a gurabe 24 kacal. Bayan ta yi kimanin awa 100 a kunne, burbushin ya taru ya kai wajen sulusin daƙiƙa, a cikin wannan ɗan lokaci kuwa makamin yakan wuce fiye da rabin kilomita. Na'urar ta duba inda take tsammaninsa ba ta gan shi ba. Abin da ya fi dacewa da batunmu shi ne, an taɓa gyara lissafin lokacin a waɗansu wurare na manhajar aka bar waɗansu, sai kurakuran da dā suke kashe juna suka daina. Cikakken gyaran ya isa Dhahran washegari.

Kakannin taskar

Tsoron burbushin nan ya girmi yawancinmu. A shekarun 1940 akwai masanan da suke ganin zai taru ya lalata duk wani babban lissafi da za a ba na'ura. Wanda ya fi kowa ƙoƙarin warware matsalar shi ne James Wilkinson, Baturen Ingila, wanda ya yi aiki tare da Alan Turing a ɗakin binciken kimiyya na ƙasa da ke Teddington. Shi ya nuna yadda za a auna kuskuren, a bambance hanyar da take riƙe shi da hanyar da take hayayyafa shi. A 1971, shi da Christian Reinsch na Jamus suka fitar da kundin zaɓaɓɓun hanyoyin lissafin jadawali a harshen ALGOL. Ma'aikatan ɗakin bincike na Argonne, kusa da Chicago, suka juya kundin zuwa harshen Fortran, suka gwada shi a kan na'urori iri-iri, ya fito a 1972 da sunan EISPACK. LINPACK ta biyo baya a 1979, aikin mutum huɗu: Jack Dongarra, Jim Bunch, Cleve Moler da Pete Stewart. A 1985 abubuwa biyu suka faru. Aka zartar da ƙa'idar IEEE 754, wadda William Kahan ya zama jigonta, domin dukkan na'urori su riƙa datse lamba iri ɗaya. Dongarra da Eric Grosse kuma suka buɗe Netlib, inda mutum zai aika wasiƙar imel ya roƙi wata hanyar lissafi, na'ura ta aiko masa da ita kyauta. LAPACK, wadda ta gāji EISPACK da LINPACK, ta fito a 1992, kuma har yau idan aka ba NumPy babban lissafin jadawali, LAPACK take miƙa wa.

Domin a ga darajar wannan al'ada ta buɗe aiki, a gwada ta da abin da ya sami kamfanin Intel a 1994. Wani farfesan lissafi a Kwalejin Lynchburg ta jihar Virginia, Thomas Nicely, yana bincike a kan lambobin da ba sa rabuwa, sai ya ga amsoshinsa sun ƙi daidaita. Ya shafe watanni yana zargin rubutunsa kafin ya tabbata ƙwaƙwalwar Pentium ce take kuskuren rabawa. Lambobi biyar ne suka ɓace a wani jadawali da aka dasa a cikinta. Kamfanin ya riga ya gano aibin watanni kafin nan, ya yi shiru, yana ganin da wuya ya shafi kowa. Da maganar ta fasu, a watan Disamba ya yarda zai musanya wa duk wanda ya nema, abin da ya ci masa dala miliyan 475.

Guido van Rossum ya fitar da Python a 1991 daga Amsterdam ta ƙasar Holan. Harshe ne mai sauƙin karantawa, amma yana da nawa wajen lissafin lambobi masu yawa. A 1995 wani ɗalibin babban digiri a MIT, Jim Hugunin, ya rubuta masa wani ƙari da aka kira Numeric, wanda yake ajiye lambobi a jere a wuri guda, ya miƙa aikin ga harshen C mai sauri. Masana suka rungume shi. A farkon shekarun 2000 ma'aikatan cibiyar da ke kula da madubin hangen taurari na Hubble, a birnin Baltimore, suka ga Numeric ba ya ɗaukar manyan hotunansu yadda suke so, sai suka rubuta nasu, numarray. Sabon ya fi tsohon ƙwazo a manyan jeri, tsohon ya fi shi sauri a ƙanana. Jama'a ta rabu gida biyu, abin da aka rubuta domin wannan ba ya tafiya da wancan sai da wahala.

Travis Oliphant, wanda a lokacin ƙaramin farfesa ne a Jami'ar Brigham Young, ɗaya kuma daga cikin mutum uku da suka kafa SciPy a 2001, shi ya ɗauki nauyin ɗinke ɓarakar. A 2005 ya zauna ya sāke ginin Numeric, ya shigar da abubuwan da suka sa mutanen Baltimore suka ware, bugu na 1.0 na NumPy ya fito a watan Oktoba na 2006. 'Yan'uwana malamai sun san cewa kwamitin ƙarin girma takardun mujallu yake ƙirgawa, ba ya ƙirga irin wannan aiki. Oliphant ya bar koyarwa a jami'a a 2007.

Yadda gyara yake gudana a yau ba shi da wuyar fahimta. Wanda ya ga amsar da ba ta gamshe shi ba yakan rubuta ƙorafi a shafin taskar na GitHub, tare da ɗan gajeren misali da kowa zai iya maimaitawa. Wani, ko shi kansa, ya kawo gyara. Ba a karɓar gyaran sai wani daga cikin masu kula da taskar ya bi shi layi-layi. Wanda ya san yadda ake darasu a tsangaya, inda ake bin rubutun gardi harafi-harafi kafin a bar shi ya haddace, ba zai ga baƙon abu a nan ba. Sa'an nan akan nemi mai gyara ya haɗo da gwaji, watau ɗan umarnin da zai yi ƙara idan kuskuren ya sāke dawowa. Irin waɗannan gwaje-gwaje sun kai dubun dubata, na'urori kuma suna maimaita su a kan Linux da Windows da macOS duk sa'ad da aka taɓa wani abu. Kusan sau biyu a shekara ake fitar da sabon bugu mai ƙarin abubuwa, da ƙananan bugu na gyara a tsakani, kowanne da takardar bayanin abin da ya sāke. Takardun nan su ne madogarar mai tarihi.

Gyare-gyare uku

Na farko ya shafi tarawa, aikin da ɗan aji ɗaya yake ganin ya iya. Akwai nau'in lamba mai ɗigo da ake ajiyewa a gurabe 32, wanda masu aiki da hotuna da manyan bayanai suke so domin ba ya cin wuri. Gurabe 24 ne kawai daga ciki suke riƙe ainihin lambar, watau wajen alƙaluma bakwai a ƙirgenmu. A ce kana da jeri mai ɗauke da lamba 1 har sau miliyan 20, ka ce a tara. Tsohuwar hanya ita ce a ɗauki na farko a ƙara na biyu, a ƙara na uku, a yi ta tafiya. Kome yana tafiya daidai har jimla ta kai 16,777,216. Daga nan, idan an ƙara 1, amsar tana bukatar gurbi na 25, babu shi kuwa, sai na'ura ta datse ta koma 16,777,216. Haka za ta yi ta ƙarawa tana komawa har jerin ya ƙare. Da mutane ake ƙirgawa, da mutum 3,222,784 sun ɓace ba tare da wani gargaɗi ba. Idan matsakaici ka nema, maimakon 1 sai a ba ka 0.8388608.

A bugu na 1.9, cikin 2014, aka sāke hanyar. Yanzu akan raba jerin biyu, kowane rabi a sāke raba shi biyu, har a kai ƙananan ƙulli da ba su wuce lamba 128 ba. A tara kowane ƙulli, sa'an nan a riƙa haɗa jimla da 'yar'uwarta mai kama da ita a girma. Haka mai ƙirga kuɗi yake yi: ba ya riƙe jimlar miliyoyi a ka yana ƙara naira ɗai-ɗai, ɗauri-ɗauri yake yi, ya haɗa ɗauri da ɗauri. Da wannan dabara babbar lamba ba ta haɗiye ƙarama, saurin aikin kuma bai ragu yadda za a damu ba. Sai dai gyaran bai game ko'ina ba. Yana aiki ne idan lambobin da ake tarawa suna maƙwabtaka a ma'ajiyar na'ura. Idan jadawali ne aka tara shi ta ɗaya fuskar, tsohuwar matsala tana iya dawowa, takardun NumPy kuma sun faɗi wannan iyaka a fili. Ku lura kuma da abin da ya biyo baya: duk wanda ya tara lambobi masu ɗigo a 2013, ya sāke tara su a 2015, yana iya ganin alƙaluman ƙarshe sun bambanta. Amsar ta ƙara inganci, amma ta sāke.

Na biyu ya fi sarƙaƙiya, a nan ne kuma tsadar gyara ta fi fitowa. Ayyuka da yawa suna bukatar ƙuri'a: zaɓen ƙauyuka 200 daga cikin dubbai domin binciken ƙididdiga ba tare da son rai ba, raba marasa lafiya gida biyu wajen gwajin magani, kwaikwayon yadda annoba za ta yaɗu. Kwamfuta ba ta iya jefa ƙuri'a ta gaskiya da lissafi kaɗai. Abin da ake yi shi ne a ba ta lamba guda da ake kira iri, ita kuma ta yi ta jujjuya ta bisa wata ƙa'ida, tana fitar da jerin lambobi masu kama da na ƙuri'a. Idan ka sāke ba ta irin nan, jerin nan dai za ta sāke fitarwa. Wannan babbar fa'ida ce, domin mai bincike yana iya cewa: ga irin da na shuka, kowa ya shuka ya gani ko abin da na girba zai girba.

NumPy ta daɗe tana amfani da hanyar Mersenne Twister, wadda Japanawa biyu, Makoto Matsumoto da Takuji Nishimura, suka wallafa a 1998. Masu kula da taskar kuma suka ɗauki alkawari cewa iri ɗaya zai ci gaba da ba da jeri ɗaya daga bugu zuwa bugu, sai fa inda aka tabbatar amsar kuskure ce. Alkawari ne mai kyau, amma a hankali ya zama mari a ƙafa. An san hanyoyin da suka ninka na dā sauri wajen fitar da waɗansu nau'o'in ƙuri'a, masu sa kai suna kawo su, ana mayar musu, domin shigar da su zai sāke jerin. A 2018 Robert Kern, wanda shi ne ya rubuta wannan sashe tun farko, ya gabatar da takardar shawara ta 19 a jerin shawarwarin inganta NumPy, yana neman a warware alkawarin. Hujjarsa ita ce alkawarin bai ma cika manufarsa ba, tun da amsar bincike tana iya sākewa saboda bambancin na'ura ko na waɗansu taskokin da ke ƙarƙashi. Wanda yake son a maimaita aikinsa daidai, wajibi ne ya faɗi bugun kowane abu da ya yi aiki da shi.

Sulhun da aka yi ya fito a bugu na 1.17, watan Yuli na 2019. Tsohon sashe, RandomState, aka daskarar da shi yadda yake, ba ƙari ba ragi, domin tsofaffin bincike da gwaje-gwaje su ci gaba da ba da amsarsu. Aka buɗe sabon sashe, Generator, wanda ba ya ɗauke da tsohon alkawari, aka ɗora shi a kan hanyar PCG64, daga dangin hanyoyin da Melissa O'Neill ta Kwalejin Harvey Mudd ta fitar a 2014. Ba a yi shekara biyu ba aka gano cewa PCG64 tana da rauni idan aka kunna jeri masu ɗimbin yawa a lokaci guda, sai aka ƙara wata gyararriya a gefenta a bugu na 1.21, cikin 2021, aka bayyana dalili. A ganina sulhun daidai ne, ko da yake ya bar ƙofa biyu a gida ɗaya, littattafan koyarwa da yawa kuma tsohuwar ƙofar suke nuna wa ɗalibi. Ga ma'aikatan hukuma da ke cikinmu, abin da wannan yake nufi a aikace shi ne: rahoton da aka zaɓi ƙauyukansa da ƙuri'ar kwamfuta, in bai faɗi iri da lambar bugu ba, mai binciken da zai zo bayan shekara biyar ba shi da tabbacin sāke fitar da ƙauyukan nan.

Na uku kuwa aibin ba na NumPy ba ne, amma a ƙofarta aka yi sallama. Ana rarraba NumPy tare da wata taska mai suna OpenBLAS, wadda Zhang Xianyi ya fara a ƙasar Sin a 2011 bisa aikin Kazushige Goto, ita ce take ninka manyan jadawali da sauri. A 2020 wata sabuntawa ta Windows 10, mai lamba 2004, ta zo da aibi a cikin aikin fitar da ragowar rabawa, aibin kuma yana bayyana ne bayan OpenBLAS ta yi aiki, sai lissafin jadawali ya riƙa lalacewa. A ƙarshen Oktoba aka fitar da bugu na 1.19.3 da sabuwar OpenBLAS mai kauce wa matsalar, sai ga shi ta jawo wata matsalar ga waɗansu masu aiki da Linux. Bayan 'yan kwanaki aka fitar da 1.19.4, aka koma tsohuwar OpenBLAS, aka kuma dasa wani gwaji a bakin ƙofa: duk sa'ad da aka kira NumPy, sai ta yi ɗan lissafin da ta san amsarsa, in amsar ta saɓa, ta ƙi tashi, ta faɗi dalili. Mutane da yawa, ciki har da ɗaliban da ranar suka fara koyo, suka tarar da manhajarsu ta ƙi aiki, suka yi ta ƙorafi. Ni dai ina bayan masu wannan hukunci. Da muguwar rawa gara ƙin tashi. Mai binciken da na'ura ta ƙi yi masa aiki ya yi asarar yini, wanda ta ba shi gurɓatacciyar amsa a ɓoye yana iya wallafa ta. Bugu na 1.19.5 ya kawo mafita a Janairu na 2021, daga baya Microsoft ma ya gyara nasa.

Wa yake biyan masu wannan aiki? Shekara goma sha ɗaya bayan bugu na 1.0, kusan babu. Malamai ne da ɗalibai da injiniyoyi suke yi da dare da ranakun hutu, irin su Charles Harris, wanda ya shafe shekaru yana kula da fitar da sababbin bugu. An kafa ƙungiyar NumFOCUS a 2012 domin riƙe wa irin waɗannan ayyuka kuɗin gudummawa, amma babban tallafi na farko bai zo ba sai 2017, daga gidauniyoyin Moore da Sloan, sama da dala miliyan ɗaya, ta hannun Jami'ar California da ke Berkeley. Sabon sashen ƙuri'a da na ambata yana cikin ayyukan da aka kammala bayan an sami ma'aikata masu albashi. A 2020 mujallar Nature ta buga cikakken bayanin taskar, abin da ya ba masu bincike takardar da za su ambata, masu gyara kuma suka sami abin nuna wa kwamitin ƙarin girma.

Bugu na 2.0

Akwai kurakuran da kowa ya san da su, amma aka bar su shekara da shekaru domin gyaransu zai karya aikin mutane. Al'adar NumPy ita ce, kafin a cire wani abu sai an yi gargaɗi na aƙalla bugu biyu. Alal misali, an fara gargaɗi a kan sunaye irin su np.int da np.float a bugu na 1.20, Janairun 2021, ba a cire su ba sai a 1.24, Disamban 2022, duk da haka tsofaffin manhajoji da yawa suka tsaya cik. Manyan gyare-gyaren sai aka tara su domin bugu na 2.0, wanda ya fito ranar 16 ga Yuni, 2024, babban bugu na farko tun 2006, aikin mutum 212.

Wanda ya fi shafar ofisoshi a ciki shi ne na cikakkun lambobi, watau marasa ɗigo. Kafin 2.0, NumPy takan ajiye su a gurabe 64 a kan Linux da macOS, amma a gurabe 32 a kan Windows, saboda wani bambanci da ta gāda daga harshen C. Iyakar gurabe 32 ita ce 2,147,483,647. Naira biliyan biyu da 'yan kai ke nan, kuɗin da bai kai na hanya guda mai kyau ba a kasafin jiha. Idan akawu ya sa biliyan biyu sau biyu a jeri ya ce a tara, na'ura mai Linux ta ba shi 4,000,000,000, mai Windows kuwa ta ba shi 294,967,296 a ƙasa da sifiri, ba tare da ta ce uffan ba. Umarni ɗaya ne, amsa biyu. Shekara goma sha takwas ana faɗin wannan a takardu kafin a daidaita shi.

An kuma gyara ƙa'idar haɗa lambobi mabambantan nau'i. A dā nau'in amsa yakan dogara da girman lambar da aka ƙara, ta yadda umarni ɗaya zai yi wani hali yau, gobe ya yi wani idan bayanai suka sāke. Sebastian Berg ya jagoranci shawara ta 50 da ta kawar da wannan. Rubutu ma ya sami gyara. Tsohon nau'in rubutu na NumPy faɗinsa ƙayyadadde ne: in ka buɗe jeri da sunan Kano, harafi huɗu, daga baya ka sa Katsina a gurbinsa, abin da za a ajiye maka shi ne Kats. Bugu na 2.0 ya kawo sabon nau'i mai miƙewa gwargwadon tsawon kalma, sai dai wanda yake so shi zai nema, tsohon yana nan da halinsa.

Sauyin ya taɓa har yadda sauran taskoki suke manne da NumPy a ƙasa, saboda haka SciPy da pandas da ɗaruruwan waɗansu sai da aka sāke harhaɗa su. Domin a ba su lokaci, tun watan Maris aka fitar da bugun gwaji, aka rubuta jagorar ƙaura, aka kuma tanadi wata ƙa'ida a manhajar Ruff da take bin tsohon rubutu tana musanya sunayen da aka cire. Duk da wannan shiri, a makonnin farko mutane da yawa sun koma bugu na 1.26 suna jiran taskokin da suke dogara da su su iso. Kusan sunaye ɗari aka cire ko aka sāke wa wuri a wannan shara, amma ba a taɓa RandomState ba: irin da aka shuka masa a 2019, jerin nan dai yake fitarwa.

Shugaba, a nan zan dakata domin a sami lokacin tambayoyi.